Azumin Baba Datti

A gonar gyaɗa aka tsinci Baba Datti a kife da rana tsaka. Maƙwabcinsa Sharfaddeen ne ya ɗauke shi a babur zuwa asibiti a Gaya, aka ƙara masa ruwa leda biyu. Likita ya ce ba ciwo ba ne, yunwa ce. Kwana huɗu tsohon bai sa komai a bakinsa ba.

Da labarin ya riski Sa'idu, sai da ya nemi wuri ya zauna. Ya san dalilin azumin.

Cocinsu ƙarami ne, a bayan garin Kademi, benci takwas da ganga ɗaya. Kusan duk wani babba a cikinsa ya shaida cewa an yi masa baftisma da Ruhu Mai Tsarki, bakinsa ya buɗe ya yi addu'a da harshen da bai taɓa koya ba. Sai Baba Datti kaɗai, shi da ya ba da filin da aka gina cocin. Duk Lahadin ƙarshen wata a yi kira, ya fito ya durƙusa, a ɗora masa hannu, ya tashi bakinsa a rufe. Daga baya ya yanke wa kansa hukunci cewa wani zunubi ne ya tare masa hanya, ya shiga horon cikinsa da yunwa.

Kowa ya ɗauka Sa'idu ya daɗe da samu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wani babban taro a Kano, mai wa'azi ya bi layi yana ɗora wa mutane hannu. Na damansa ya fashe da kuka, na hagunsa ya ɓarke da magana. Da hannun ya sauka a kan Sa'idu, bai ji komai ba sai nauyinsa. Kunya ta kama shi. Kakarsa Babarbariya ce, yana yaro ya haddace yadda take ƙirga awakinta da yarensu. Sai ya runtse ido ya jero ƙirgen da sauri, yana murguɗa shi. Aka yi ta tafi, aka rungume shi.

Tun daga ranar yake nema a ɓoye. Ya karanta Ayyukan Manzanni a Littafi Mai Tsarki har takardun suka yi laushi. Idan ya buɗe coci da safe kafin kowa ya zo, yakan durƙusa ya roƙa, ya jira, sannan ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa. Ko matarsa Rekiya ba ta sani ba. A wurinsu duk mai damuwa fasto yake kai wa, shi kuwa Sa'idu ba shi da wannan hanyar.

Ranar Juma'a ya je dubiya. Ya tarar da tsohon a zaure kan tabarma, ga kwanon kunu a gefe ya huce.

"Baba, don Allah ka sha. Ubangiji ba ya son ka halaka kanka."

"Zan sha, Malam." Tsohon ya riƙo hannunsa. "Amma ka gaya mini gaskiya. Ranar da Ruhun ya sauko maka, yaya ka ji? Kamar wuta ne, ko kamar ruwa? Ina so in gane shi idan ya zo, kada ya wuce ni."

Sa'idu ya buɗe baki. Amsar tana nan a shirye, ya sha ba da ita: wani ɗumi ne ya taso daga ƙafa zuwa ka. Ya dubi wuyan tsohon da ya rame, da tabon allura a bayan hannunsa, sai maganar ta maƙale.

"Na gane," in ji Baba Datti yana gyaɗa kai. "Abin ba ya faɗuwa da baki. Ni ne dai da laifi. Na yi wa ƙanena gardama a kan iyakar gona, ya rasu ba mu shirya ba. Ina jin shi ne. Bayan sujadar coci ta jibi zan ƙara azumin kwana bakwai."

Sa'idu ya fito bai ko yi sallama da mutanen gidan ba. A hanya ya tsaya gindin wata ɗorawa, ya daɗe. Ya san jikin tsohon ba zai ɗauki kwana bakwai ba. Ya kuma san wanda tsohon yake auna kansa da shi.

Ranar Lahadi Rekiya ta goge masa farar riga kamar kullum. Coci ya cika, aka yi waƙa, aka yi karatu. Can aka zo wurin kiran: duk wanda bai karɓi baftismar Ruhu ba tukuna, ya fito gaba.

Baba Datti ya miƙe da sanda. A hankali ya tako, ya durƙusa shi kaɗai, ya sunkuyar da kai yana jiran hannu.

Taku uku ne tsakaninsa da inda Sa'idu yake tsaye.  Sa'idu ya tuna Rekiya tana benci na biyu da 'ya'yansu. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, a na uku ya zube kusa da tsohon.

"Baba," ya ce, da muryar da ta kai har ƙofa, "ni ma ban taɓa samu ba. Ƙarya na yi. Ba laifinka ba ne. Mu roƙa tare, amma sai ka ci abinci."

Mai ganga ya tsaya cak. Wata mata ta dafe ƙirji. Baba Datti ya ɗago ya dube shi, ya waiga kan mumbari bai ga kowa ba, domin wanda ya durƙusa a gefensa shi ne ya yi kiran da bakinsa, Fasto Sa'idu, wanda duk mutanen cocin a ƙarƙashin hannunsa suka karɓa.