Geron Malam Tanimu

Tun da aka kawo wasan nan na haɗa kalmomi a waya, wanda duk cin da mutum ya yi jirgi marar matuƙi ke sauke mudun gero a sansanin 'yan gudun hijira, Ladidi ta tsane shi. Mijinta Malam Tanimu, dattijo da furfurarsa, sai ya wuni a zaure yana latse-latse.

"Yunwar mutane ce ta zama abin wasa?" Haka take ce masa kullum.

Ranar sadakar ukunsa wata baƙuwa ta shigo, ƙafafunta buɗu-buɗu. Ta yi ta'aziyya, ta ce sunanta Kulu, ita ke dafa wa sansanin abinci.

"Ba mu taɓa ganinsa ba, Inna, sunansa kawai muke gani a jikin buhu. Shekara huɗu bai yi fashi ba, har ranar Sallah. Da muka ji shiru muka san ba lafiya ba."

"To ku buga da kanku mana."

"Ba a yarda masu cin geron su buga ba."

"Yanzu me kuke ci?"

Kulu ta sunkuyar da kai. "Ni gaisuwa na zo."

Ladidi ta miƙe ta ciro wayar daga aljihun rigarsa da ke rataye. Gilashin ya dushe daidai inda babban yatsansa ke gogawa. Tana kunnawa kiɗan wasan ya cika ɗakin makoki, mata suka ɗago suna kallonta.

"Har yanzu ban ga kyan abin ba," ta ce tana gyara mayafin takabarta. "Wata ta matso ta nuna min inda ake dannawa."