Ranar da Na Kwantar da Ƙanena a Kan Auduga

Shirun da na ji daga ɗakin ne ya fara tsorata ni. Shekarata takwas a lokacin, a gidanmu na Dayi. Inna za ta shiga wankan jego da la'asar, ta miƙo mini ƙanena, jaririn kwana goma, ta ce, "Kwantar da shi a gadona, rigingine."

Ni kuwa na ga katifar ta yi masa tauri. A ƙuryar ɗakin ga tarin audugar da Baba ya tsinto daga gona, fara sol. Don tausayi na ɗora shi a kai, na fita wasan carafke.

Da na leƙo, fuskarsa ta nutse ciki, ba motsi. Ihu ma ya gagare ni, sai zanen Kaka na je na ja. Ta fizgo shi, ta zare audugar daga hancinsa, ta hura masa iska. Can ya tsala kuka.

Makon jiya na haihu. Da aka kawo wa jaririyata lallausan filo, nan take na ce a fitar da shi. Har yau Inna ba ta san abin da ya faru da ƙanena ranar nan ba. Maganar Kaka kawai nake riƙe da ita: "Yi shiru, 'yar nan, yana numfashi. Daga ni sai ke."