Gaisuwar Murja

Tun da aka ɗaura wa ’yan makaranta munduwar nan mai auna lokacin karatu, sai jiya na je Kano. Jikata Murja, ’yar shekara takwas, ta durƙusa.

"Kaka, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen..."

Munduwar ta yi ja, ta yi ƙara. Yarinya ta zabura ta koma kan littafi.

"Inna, yi haƙuri," in ji ɗana Sallau. "Gaisuwa ta yi tsawo, an cire mata maki biyu. Ita ce fa ta ɗaya a aji."

Na ce masa, "Ta ɗayan me? Mu yaron da bai iya gaisuwa ba, ko maƙwabta ba ma aikensa!"

Sannan na ce, "Murja, sannu."

Ta toshe baki da hannu, tana hawaye. Ashe amsawa ma da makinta.