Motar da Ta Fi Ƙarfin Gwiwar Tsohuwa

Kai da kake ta shawarar ko ƙaramar mota za ka saya ko jif, zauna ka ji wannan. An yi wani mai sayar da yadi a kasuwa, yana da 'yar ƙaramar motarsa mai ƙasa-ƙasa, wadda ko mai dogara sanda zai buɗe ƙofa ya zauna ba wahala. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, yakan ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta can ƙarshen gari wurin ƙanwarta da ciwo ya kwantar. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Sai abokan majalisa suka sa shi gaba da tsiya, wai mutum kamarsa yana yawo a cikin kwanon sha. Alhali daga gidansa zuwa kasuwa kwalta ce a shimfiɗe, ba yashi ba rafi. Bawan Allah ya biye musu, ya sayar da ƙaramar motar, ya sayo baƙar jif mai tsayi.

Juma'ar farko tsohuwa ta fito ta dubi motar, ta sa albarka, ta ce yau jikinta ba daɗi. Ta gaba ta ce rana ta yi zafi. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta ce masa gwiwarta ba ta iya hawa. Ta gwammace ta zauna da a ce ya cicciɓe ta a bainar jama'a. Shi kuwa bai taɓa tambaya ba, ya ɗauka tsufa ne kawai. Haka aka yi wata biyar, ƙanwar tana ta aike a ce wa Yaya tana son ganinta.

Ranar da aka aiko ƙanwar ta rasu, tsohuwa ta fito ba gardama. Ta kama ƙofar jif, ta ɗaga ƙafa har sau uku ba ta kai matakin ba, sai ta jingina goshi da motar tana kuka. A nan ya gane. Kafin a kawo mata kujera ta taka su isa, an riga an kai mamaciyar makwancinta. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. Abin da Hausawa ke cewa ke nan: garin neman gira, an rasa ido.