Takalmin Katako a Akwatin Baba

Shekarar da Turawan mulki ke tattara kayansu za su bar ƙasarmu, wata la'asar a unguwarmu ta Moshi Zongo, na buɗe akwatin sojan Baba na tarar da takalmin katako na ƙaramin yaro, wari ɗaya. Sai ga inuwar Baba a kaina.

Bai dake ni ba. Ya ce, "A yaƙin Bama na tsince shi, ranar da Japanawa suka gudu suka bar gidajensu. Na gan shi kife a bakin ƙofa, na sunkuya in gyara, yadda muke yi a gida. Sai aka yi harbi, harsashin ya wuce ta kaina ya sami wanda ke bayana."

Har yau ina gyara takalmin da ya kife, amma sai na waiga tukuna.