Ban Ruwan Ranar Lahadi

Ranar Lahadi da safe ruwan kanal yake zuwa layin da gonar coci take, daidai lokacin da ake buga ƙararrawar sujada. Kafin azahar an rufe, an juya shi wani layin. Wanda bai ba albasarsa ruwa ba sai wani makon, in ta kai.

Da can wannan ba abin damuwa ba ne. Fasto yakan yi musaya da wani maƙwabci, ya karɓi Litinin. Amma tun damina babu Fasto a wannan 'yar majami'a ta bayan Bunkure. Dattijo Tambaya ne ke riƙon ƙwarya, shi kuwa da gaske ya ɗauki riƙon, ko benci ba ya matsarwa. Duk maganar da aka kai masa amsarsa ɗaya ce: a bari sabon fasto ya zo.

Talatu, matar Fasto, tana gidan coci har yanzu. Al'adar wurin ita ce gona tana tafiya da gida, wanda ya dasa kuma shi zai cire. Dattawa suka ce ta zauna har ta cire albasar da ta dasa. In albasa ta mutu, zaman ya ƙare a ranar, ta fita hannu rabbana.

Ta roƙi Tambaya ya bar ta ta riƙa fashin sujada tana ban ruwa.

"Mama, idon kowa a kanki yake yanzu," in ji shi. "In aka duba benci ranar Lahadi babu ke, kin san abin da za a ce."

Ta ce, "To."

Tun damina haka take ce wa komai. Matan zumunta na coci sun yi ta zuwa da kunu, su zauna, su yi kuka, su ce mata sai haƙuri. Ita ko hawaye ɗaya bai zo mata ba. Ta ninke doguwar rigar Fasto ta sa a akwati. Miya mai gishiri da wadda babu duk ɗaya suke a bakinta.

Lahadin farko ta je gona bayan sujada don ta ga ɓarna da idonta, sai ta tarar da kowane fangali a cike da ruwa. Mako na gaba ma haka.

Abin ba ɓoyayye ba ne. Ta tagar gabas ta coci ana hango mai yin, Malam Iliyasu, wanda ya kama hayar 'yar gona a ƙetaren kanal yake noman tumatir shi kaɗai. Da an ɗauki waƙar farko zai tsallako gada da farar hularsa, ya nufi gindin mangwaro, ya ɗaga tsohon kwanon rufi ya zaro tiyo. Daga kusurwar arewa yake farawa, wadda ke kan tudu, wadda in ba ita aka fara ba ruwa ba ya hawa. Kafin a kai waƙar rufewa ya nannaɗe tiyo ya mayar, ya tafi. Bai taɓa yin latti ba, ko ranar da Tambaya ya gajarta wa'azi.

Duna, karen gidan coci, wanda ko 'yan ikilisiya ba ya raga wa wandonsu, yakan bi shi ya kwanta a kan kunya. Malam Iliyasu ba ya taɓa shi, ba ya kuma korarsa.

Ba wanda ya ce uffan a coci. Sai dai Tambaya ya sa an rufe tagar gabas, ana ta zufa. A duk riƙonsa wannan ne kaɗai abin da ya taɓa canzawa.

Sau ɗaya suka yi kiciɓis a kan gada, wurin da ba hanyar kaucewa.

"Sannu da aiki, Maman Saliha," in ji Malam Iliyasu, idonsa a ƙasa. "Lawashin ya fara kwanciya. Kada a ƙara mata ruwa."

"To," in ji Talatu.

Ta wuce tana laluben zuciyarta ko za ta sami fushi, ko godiya, ko ma wani abu. Ba ta sami komai ba.

Albasa ta yi kyau, manya manya, jajaye. A makon da aka cire ta sabon fasto ya iso daga gunduma, wani matashi mai fara'a da ake kira Ayuba. Ya tarar ana loda buhuna da katifa da akwati a a-kori-kura, Talatu za ta koma wurin wanta a Kumbotso. Ta miƙa masa makulli, ta nuna masa inda rufi ke yoyo, ta shiga gaba ta zauna.

A ƙetaren kanal Malam Iliyasu na tsaye da fartanya a kafaɗa, bai ɗaga hannu ba. Duna ya bi motar da gudu, ya tsaya, ya waiwaya, sannan ya juya ya tsallake gada.

Matan zumunta sun riga sun tsegunta wa Fasto Ayuba rabin labarin ban ruwa, abin ya burge shi ƙwarai.

"Baba, wancan ne Musulmin da ya raya mana gona?" ya tambayi Tambaya. "Gobe zan sa shi a wa'azina na farko, mutane su ga maƙwabtaka. Wane ne shi?"

Tambaya ya daɗe yana kallon rufaffiyar tagar nan.

"Ɗana, bar shi daga wa'azin nan," in ji shi. "Mijin Talatu ne, da damina ya musulunta. Shi ne faston da ka zo ka gada."