Namiji Ba Shi Cewa Wayyo

Motar wani kamfani ta fara zuwa kasuwar Lolo a shekarar mulkin kai, da tuta mai kore da fari a goshinta, da lasifika a samanta. Maganin ƙarfi take talla, wani jan ruwa a kwalba mai hoton zaki. Takan tsaya kusa da rumfar masu kifi, sai murya ta tashi: "Namiji ba shi cewa wayyo! Raggo ka zuwa asibiti, jarumi shi kurɓa shi koma aiki!"

Kafin damina ta ƙare maganar ta shiga bakin kowa. Masu dako na yi wa juna kirari da ita, 'yan ƙetaren Dahome ma sun koma da ita gida. Ba a taɓa jin talla mai daɗin faɗi irin wannan ba.

Mero, mai soya kifi a rumfar, ita ce aka sani da iya kiran ciniki. Idan ta yabi kifinta, wanda ya ƙoshi ma sai ya saya. Mijinta Lauwali matuƙin kwalekwale ne, yana ƙetarar da fatake a kogin Kwara, mutum mai sanyin hali da ba a cika jin muryarsa ba.

Wata rana ƙayar kifin ƙurungu ta soke shi a tafin ƙafa. Wurin ya kumbura, ya fara ruwa. Mero ta ce ya tafi ɗakin shan magani na Bagudo, ya ce babu komai. Ta sake faɗa, ya yi murmushi ya nuna mata kwalbar da ya saya. Abokan aikinsa sun daɗe suna yi masa ba'a saboda sanyinsa, bai so su ga an ɗauke shi a kan jaki saboda ƙaya. Ya ci gaba da kurɓa yana tuƙi, yana cije leɓe, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi cikin jirgi.

A asibitin Birnin Kebbi aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Da aka dawo da shi, gari ya ɗauki zance. Sarkin kasuwa ya tara mutane a gindin tsamiya, ranar da ba ta kasuwa ba, don a yanke ko motar za ta sake shigowa. Malam Ango, limamin unguwa, ya ce mazantaka haƙuri ce da ciyar da iyali, wanda ya ɓoye ciwo har ya nakasa ya zalunci kansa ya zalunci 'ya'yansa. Ma'azu, shugaban masu dako, ya ce tallar ba ta faɗi sabon abu ba: abin da ake gaya wa yaro ranar kaciya ke nan, abin da Fulani ke nunawa a filin sharo ke nan, kuma sabuwar ƙasa ba ta ginuwa da masu raki. Hamsatu ungozoma ta ce tun zuwan motar maza sun ƙara taurin kai, har wani ya hana a kai ɗansa mai zazzaɓi a duba shi, wai kada ya tashi raggo.

A abu ɗaya kawai suka haɗu: wanda ya tsara maganar ba shi da imani. Wasu suka ce nasara ne, wani bature a Ikko, wasu suka ce wani ɗan boko ne da bai taɓa taka ƙaya ba. Wani tsoho ya ce abin da ke ba shi mamaki shi ne Hausar tallar irin ta nan ce, ba ta Kano ba, amma hayaniya ta danne shi.

Aka nemi Mero ta yi magana, tunda ita abin ya shafa. Ta miƙe, ta buɗe baki, sai ta koma ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Mata suka ce a ƙyale ta, baƙin ciki ne. Sarkin kasuwa ya yanke cewa motar na iya sayar da kayanta, amma wannan magana ba za a ƙara jin ta a Lolo ba.

A gida Mero ba ta bari kowa ya taɓa Lauwali. Ita ke wanke dungun ƙafar, ita ke ɗaga shi, ita ke ba shi abinci tun bai nema ba. A kasuwa kuwa ta daina kiran ciniki, sai ta soya ta ajiye. Lauwali ya lura ba ta iya haɗa ido da shi.

"Bar damun kanki," in ji shi. "Ke kin ce in tai asibiti. Ni na bi maganar wani banza wanda bai san ni ba."

Ta ɗauki ƙwaryar wankin ta fita bayan ɗaki, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ranar kasuwa motar ta zo, aka sanar da akawun kamfanin hukuncin sarki. Ya ji dai wani matuƙi ya rasa ƙafa, bai tambayi ko mijin wa ba ne. Ya kashe lasifika, ya ratsa cikin mutane ya nufi rumfar kifi da fara'arsa. Mero ta hango shi, matsami ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin mai.

Ya durƙusa kusa da kaskon, ya rage murya.

"Mero, sun hana mu waccan. Taimaka ki tsara muna wata mai daɗi, kamar yadda kinka tsara muna ta farko."